Mai Tsintsiya da Sunan Yayana

Masu tambayata a akwatin saƙo ko lafiya, ban mutu ba. Shiru na yi saboda abin da zan faɗa muku yau ya yi wa yatsuna nauyi, in na fara rubutawa sai in goge. Wanda bai san ni ba, Auta ake ce mini a gida, mu biyu kacal Umma ta haifa, kuma ina aiki a wani shagon buga takardu a bakin titi, inda nake wuni ina gyara wa mutane takardun neman aiki ina shan ƙamshin injin da ya yi zafi. Wanda ya san ni kuwa ya san akwai mutum ɗaya a duniya da na tsana ban taɓa ganin fuskarsa ba. To, na gan ta.

Bari in ɗauko daga tushe, kada sababbin zuwa su ɓace a hanya.

Akwai wani kundin ilimi a intanet wanda kowa ke iya shiga ya rubuta maƙala ko ya gyara ta wani. Yayana ne ya koya mini shiga tun ina sakandare. Shi ya buɗe mini asusu, shi kuma ya dasa mini dokar wurin har ta zauna mini a ka: duk abin da za ka rubuta sai ka kawo madogara, wato inda aka taɓa buga shi, jarida ko littafi ko mujalla. Abin da ka gani da idonka ba hujja ba ne. In na yi gardama sai ya ja mini kunne ya ce, "Auta, ko gidanku ne ya ƙone kina tsaye, in ba a buga ba, a wajenmu bai ƙone ba." A lokacin dariya abin ke ba ni.

Yaya marubucin labari ne, amma ba na littafi ba. Labarin wasan kwamfuta yake rubuta wa wani ƙaramin kamfani. Sunan wasan Ƙararrawar Tafki: wata yarinya ce ruwa ya cinye garinsu, take bin kangwaye da koguna tana neman ƙararrawar garin, kowace ƙofa sai ta warware wani kacici-kacici kafin ta buɗe. Kashi na farko ya karɓu, kuma sunan Yaya na nan cikin sunayen da ke hawa a ƙarshe. Kashi na biyu a kan teburin falonmu aka rubuta shi, ni ce ya riƙa gwada maganganun a kaina ina wanke-wanke. Akwai wata tsohuwa mai sayar da allura a ciki, duk wanda ya shiga shagonta sai ta ce, "Rufe mini ƙofa, ba a kasuwa kake ba." Maganar Umma ce tsaf. Butar shayin da ke ɗakin girkin yarinyar, mai hannun waya da aka murɗa, tamu ce, yanzu haka tana kan murhu. Abu ɗaya ne bai taɓa gaya mini ba, wato ƙarshen labari. In na matsa masa sai ya ɗora yatsa a leɓe ya kashe mini ido.

Saura ƙiris ya gama, mota ta kwashe shi a kan babur yana dawowa daga ofis.

Ya rayu. Ɓarin jikinsa na dama bai dawo ba, magana kuma ta tafi ta bar masa kalmomi kaɗan: "Auta", "ruwa", da wani sauti da Umma ta rantse sunanta ne. Hankalinsa kuwa yana nan ras. In aka tambaye shi abu, in e ne sai ya ƙwanƙwasa ƙarfen gado da yatsan hagu, in a'a ne sai ya kife tafin hannunsa a kan katifa. Da haka muke zance a gidanmu yanzu.

Da kashi na biyu ya fito, na zauna na ƙure shi har ƙarshe don kawai in ga sunan Yaya yana hawa. Aka rubuta "Labari", sai sunan Manaja ya biyo baya. Shi kaɗai.

Manaja abokin Yaya ne tun makaranta, shi ke kula da ayyuka a kamfanin, shi ya sa sunan ya bi shi har gidanmu. Dogo ne, ba shi da hayaniya, kullum cikin farar riga mai dogon hannu da yake naɗewa zuwa gwiwar hannu. Abokan Yaya sun yi ta zuwa a farkon kwanciyar, suka koma waya, daga waya suka koma gaisuwa ta bakin wani. Manaja bai daina ba. Duk Asabar sai ya zo da 'yar jakar aski, ya ɗaga Yaya cak ya kai shi banɗaki, ya dawo da shi, ya rufe ƙofa ya yi masa aski. "Namiji ba ya son mata su gan shi a haka," in ji shi. Sukan daɗe a ciki, ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa, na ɗauka labarin gari yake ba shi. Ranar Asabar Yaya ba ya yarda da abinci sai ya zo, idonsa na kan ƙofa tun safe.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son mutumin nan. Ranar da na gan shi yana goge kumfa a bayan kunnen Yaya da gefen tawul, a hankali kamar mai goge jariri, ranar zuciyata ta tafi ba sallama. Da na tambaye shi maganar sunan, ya sunkuyar da kai ya ce lauyoyin kamfani ne suka dage sai wanda zai iya sa hannu a takarda, kuma da zarar an sabunta wasan zai sa a gyara. Na yarda. Ku ma da kun ga fuskarsa da kun yarda.

Amma kundin ilimi ba na lauyoyin kowa ba ne. Ni na buɗe maƙalar kashi na biyu, na tsara ta tsaf: yadda ake wasan, taƙaitaccen labari, waɗanda suka yi kiɗa da zane, abin da masu sharhi suka ce. Na tono wata tsohuwar hira da wata ƙaramar mujallar intanet ta yi da Yaya kafin haɗarin, inda ya faɗa da bakinsa cewa yana tsakiyar rubuta kashi na biyu. Sai na sa layi ɗaya tak, cewa shi ne ya fara rubuta labarin, na manna madogara. Na ɗauki kwamfutar na kai ɗakinsa na karanta masa. Ranar ya ƙwanƙwasa ƙarfen gado har Umma ta leƙo tana tambayar me aka fasa.

Washegari layin ya ɓace. Wanda ya cire shi wani edita ne mai kiran kansa Mai Tsintsiya, kuma a akwatin da ake rubuta dalilin gyara ya sa: "Madogara mai rauni. Sunayen ƙarshen wasa ne abin dogaro." Na maido, ya cire. Na sake maidowa, ya sake cirewa. Sai ya je shafin tattaunawa ya rubuta cewa da alama wannan editar jininsu ɗaya da mutumin da take ta cusa sunansa. Ina ya sani? Tambayar ta gifta mini, amma fushi bai bar ni na tsaya a kanta ba. Na rubuta cewa e, ƙanwarsa ce ni, kuma duk mai shakka ya zo ya ga butar shayinmu. Ya amsa da layi ɗaya: "Butar gidanku ba madogara ba ce." Masu kula da kundin suka duba, suka ga na yi ta maido da abu a yini guda kuma na amsa dangantaka da bakina, suka dakatar da asusuna na mako guda. Na fita daga asusun, na rufe kwamfutar da ƙarfi, na yi kuka a banɗaki don kada Yaya ya ji.

Wa kuke tsammani na kai wa ƙara? Manaja mana. Ga saƙonnin nan a wayata har yanzu.

"Wallahi in na kama mutumin nan sai na shaƙe shi."

"Haba gimbiya, rabu da marasa aikin yi. Kin ci abinci?"

"Ban ci ba."

"To ci tukuna, a shaƙe shi daga baya."

Har da fuskar dariya ya sa a ƙarshe. Ni kuma, wawiya, na yi murmushi na je na ci.

Yau Asabar, da hantsi, ina zaune a falo ina linke zannuwan gadon Yaya. Umma na guga a kan tebur, tana sanye da tsohuwar doguwar rigarta mai ruwan toka wadda aljihunta ke cike da kwalayen magani. Tun da ta fara tura dutsen gugar da ƙarfi na san akwai magana.

"Auta, mutanen Manaja sun sake aiko kan maganar aurenku. Kawunsa na son ya san ranar da za su zo."

"Na ce sai an gyara sunan, Umma."

"Suna!" Ta dire dutsen gugar. "Sunan da ke cikin waya shi zai ɗaga yayanki ya kai shi banɗaki? Dubi bayana, ko bokiti ba na iya ɗauka. Ke kuma in kika ɗaga shi tare za ku zube. Ba ki son yaron ne?"

"Ina son shi."

"To me kike jira, sai ya gaji? Ni ba zan yi miki dole ba, amma ba zan bar ki ki mai da ɗan mutane abin wasa ba. Yau kafin rana ta faɗi ki ba ni amsar da zan ba su."

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne, da safen na leƙa maƙalar ta waya na ga wata baiwar Allah da ban sani ba ta karanta rigimar ta maido da layin da hannunta. Na ce a raina, yau dai in Manaja ya gama aski zan karanta wa Yaya sunansa.

Bayan azahar Manaja ya yi sallama. Farar riga, jakar aski, da leda cike da lemo ga Umma. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta ce, "Sannu ɗana, rufe mini ƙofa," muka yi dariya mu duka. Na ɗan gyara mayafina, na lura da wani ɗigon tawada a hannun rigata, na ɓoye shi a baya kamar ƙaramar yarinya.

"Gimbiya, ara mini kwamfutarki minti kaɗan," ya ce. "Wayata ta mutu, kuma akwai saƙon ofis da ya kamata in tura."

Na ɗauko masa. Tsohuwar kwamfutar Yaya ce, harafin farko na sunansa ma ya goge a kan maɓallan saboda dannawa. Ya zauna a kujerar da ke jikin bango, ya ɗan karkatar da fuskar kwamfutar, ni kuma na shiga ɗakin girki. Ba a jima ba Umma ta ƙwala masa kira daga ɗakin Yaya cewa ruwan zafi zai huce, kuma Yaya na neman zamewa daga matashi. Na ji ya rufe murfin kwamfutar da sauri ya tashi.

Da na fito na ɗauke ta na kai ɗakina. Na buɗe maƙalar don in shirya abin da zan karanta. Layin babu. An sake share shi.

Hannuna ya tafi kan maɓallin gyara da kansa, don sabo, duk da na san an dakatar da ni. Sai shafin ya buɗe. Na ce, Allah mai iko, sun ɗage mini hukuncin da wuri! Ban tsaya tunani ba. Na rubuta layin daga kaina, don na haddace shi har da waƙafi, na manna madogara, a akwatin dalili na sa, "Shi ya rubuta, kuma za a faɗa." Na danna adanawa.

Shafin ya ce an adana gyaran. Na kai ido sama, kusurwar da sunan mai asusu ke zama, don in ga nawa ya dawo.

Mai Tsintsiya.

Na daɗe ina kallon kalmomin nan biyu. Da farko har na ɗauka wani sabon salon wulaƙanci ne ya shigo mini kwamfuta. Sai na tuna ni da hannuna na fita daga asusuna ranar da aka dakatar da ni, kuma tun ranar babu wanda ya taɓa kwamfutar sai mutum ɗaya. Na duba lokacin da aka share layin baiwar Allahn nan. Lokacin ina ɗakin girki ina yanka masa lemon da ya kawo. Bai iya haƙurin ya koma gida ba, a falonmu ya share, a kan kwamfutar Yaya, Umma ta kira shi ya rufe murfi ya manta bai fita ba.

Ban yi kuka ba. Na tuna "rabu da marasa aikin yi". Na tuna "butar gidanku", shi da ya sha shayi daga butar nan ba adadi.

Na ɗauki kwamfutar a buɗe na nufi ɗakin Yaya. Ban ƙwanƙwasa ba, karo na farko ke nan. Kafin in tura ƙofar na ji muryarsa yana cewa, "To in ba ta gada ba, ta ƙarƙashin hasumiyar za ta bi?" sai ƙarar ƙarfen gado. Na tura.

Yaya na jingine da matasai, tawul a wuyansa, rabin fuskarsa a aske, rabi cikin kumfa. Manaja na zaune a bakin gado da reza a hannu. Ɗakin na warin sabulu da man zafi.

"Auta, ba mu gama ba," ya ce.

"Na sani. Karatu na zo yi wa Yaya."

Na tsaya a ƙarshen gadon na karanta layin da ƙarfi, da cikakken sunan Yaya. Sannan na juya kwamfutar na nuna wa Manaja kusurwar sama. "Ka ga wanda ya maido da shi? Mutumin kirki. Ashe ya tuba."

Rezar ta tsaya a sama. Ya kalli sunan, ya kalle ni, ya ajiye ta a cikin kwanon ruwa a hankali. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Yaya. Na zaci zai ƙwanƙwasa gado kamar ranar farko. Bai yi ba, ya dai lumshe ido.

"Mu je waje," in ji Manaja.

Muka tsaya a lungun da ke tsakanin ɗakin da banɗaki, inda keken guragun Yaya ke jingine. Umma na can tsakar gida tana shanya, ina jin ƙarar bokiti.

"Kai ne."

"Ni ne."

"Kana share shi da rana, kana tambayata ko na ci abinci da yamma."

"Auta, ki rage murya."

"Lauyoyin fa? Su ma kai ne?"

Ya shafa fuska da hannu, kumfa ta manne masa a gira. "Lokacin da abin ya faru an kusa rufe aikin gaba ɗaya. Na ce musu tare muka rubuta, ni zan ƙarasa. Na haɗa abin da ya bari, aka sa sunana. Yanzu sun ba ni kashi na uku."

Dariya ta kuɓuce mini, mara daɗi. "Kai? Kai da saƙon barka da haihuwa ma sai ka kwafo na wani?"

"Na sani. Ba ni nake rubutawa ba." Ya nuna ƙofar da haɓa. "Shi ne. Ina kawo hanyoyi, yana zaɓa. Wata rana in yi ta kawowa yana kife hannu har in ji kamar in yi ihu, sai can in dace da abin da ke kansa. In na shiga mota in rubuta. Mun kai rabi."

Askin ke nan. Ƙofar da ake rufewa ke nan, da idon Yaya a kanta tun safe.

"Ɓarawo," na ce. "Ka sace na biyu yana kwance a asibiti, yanzu kana tatsar na uku da reza a wuyansa."

Bai musa ba. "Ki kira ni duk abin da kika ga dama. Amma ki ji wannan. In layin nan ya zauna, 'yan jarida daga kundin nan suke kwafa, kamfani zai fara tambaya. Ranar da suka gane ba ni na rubuta na biyu ba, za su karɓe na uku su ba wani marubuci daga waje. Shi ba zai zo ya zauna a bakin gadon yayanki yana jiran ƙwanƙwasa ba."

"Sai ka gaya musu gaskiya, su sa sunansa."

"Su ɗora aikin kamfani a kan mutumin da ba ya magana? Ba ki san su ba."

"Ni fa? Ni ma cikin aikin nake, don a samu hanyar shiga gida?"

"A'a. Ke daban." Muryarsa ta karye da ya faɗa. Har yanzu da nake rubuta muku ban san ko na yarda ba.

"Yaya ya san sunanka ne a kai?"

"Tambaye shi."

Na koma ciki ni kaɗai na rufe ƙofa. Kumfar ta fara bushewa a kumatun Yaya. Na zauna inda Manaja ya tashi, wurin da sauran ɗumi, na ɗora kwamfutar a cinya.

"Yaya, ka san sunansa aka sa a na biyu?"

Ƙwanƙwasa.

"Ka san shi ke share naka a kundin?"

Ya ɗan jima. Sannan ya kife hannu. Wannan bai sani ba, kuma na ga abin ya shige shi, don gefen bakinsa mai motsi ya yi rawa.

"To yanzu ka sani. Ga sunanka nan, na maido, kuma da asusun Manaja na maido, zai yi wuya wani ya sake taɓawa. In bar shi?"

Ya kife hannu.

Na ɗauka bai ji ni da kyau ba. "Yaya, sunanka fa. Kai ka rubuta, ina nan, na gani. In bar shi?"

Ya ɗaga hannun ya sake kife shi, da ƙarfi, har katifar ta amsa.

"Don kada a karɓe na ukun?"

Ƙwanƙwasa. Hawaye ya gangaro ya yi hanya a cikin kumfar. Ni da Umma muna son shi kamar rai, amma me muke tambayarsa? Za ka ci? Za ka kwanta? In juya ka? Mutum ɗaya ne ke shigowa ɗakin nan ya tambaye shi ta ina yarinya za ta bi, kuma mutumin nan shi ne ya cuce shi.

Don kada in fashe a gabansa sai na ce, "To gaya mini, a ƙarshe za ta samu ƙararrawar?"

Bai ƙwanƙwasa ba, bai kife ba. A hankali ya ɗaga hannun hagun ya kai yatsa kan leɓensa. Ya yi ƙoƙarin kashe mini ido, duka biyun suka rufe tare. Rabon da in ga Yayana na da tun kafin motar nan, sai a wannan lokacin.

Na buɗe shafin gyara. Na sa alama a kan layin, daga farkon sunansa har ƙarshen madogarar da na sha wuyar tonowa. Na kalle shi, ya ƙwanƙwasa. Na goge. Akwatin dalili ya tsaya yana jirana, ba a son a bar shi fanko. Na rubuta, "Madogara mai rauni," na danna adanawa. Da hannuna na yi, jama'a, ba wanda ya riƙe mini shi.

Na buɗe ƙofa na ce wa Manaja, "Zo ka ƙarasa masa, kumfar ta bushe." Ya shigo ya sake jiƙa fuskar ya ƙarasa askin, ƙofa a buɗe, ina tsaye a kansa. Ya goge bayan kunnen da gefen tawul kamar kullum, na kau da kai. Da zai tafi ya yi wa Umma sallama, ta bi shi da addu'a har bakin ƙofa, ta ce Allah ya ba shi masu yi masa yadda yake yi wa ɗanta. Na ce amin da ƙarfi, ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa.

Yanzu rana ta kusa faɗuwa. Ina zaune a gadona, kwamfutar na cinyata. Umma ta leƙo ɗazu da kwandon shanya a hannu ta ce, "Auta, me zan ce wa mutanen?" Na ce mata ina zuwa.

Sunan Mai Tsintsiya na nan a kusurwar sama. Shafin tattaunawa a buɗe yake, duk abin da na rubuta a ciki da sunansa zai fita, kuma a kundin nan ba a iya shafe abin da aka taɓa adanawa. Ta bango ina jin Yaya na ƙwanƙwasa ƙarfen gado shi kaɗai, a hankali, kamar yana amsa tambayoyin da yake yi wa kansa.

Wayata ta yi ƙara. Tasa ta samu caji ke nan.

"Gimbiya, don Allah ki fita daga asusun."

Na karanta, na kife wayar a kan katifa.